Yadda Noman Rani Ya Canza Lokacin Hutu a Ƙasar Kano

A da, manomin ƙasar Kano bai san hutun mako ko na shekara irin na ma'aikacin gwamnati ba. Shekara ce da kanta take raba masa aiki da hutu. Daga saukar ruwan shuka har zuwa girbin dawa yana gona. Da an kai amfani rumbu kuwa, sai gari ya ɗauki wani salo. A lokacin ne samari da 'yan mata suke yin kalankuwa, mahauta su zaga ƙauyuka da dambe, a ɗaura aurarrakin da aka ɗage saboda damina. Malamai su fita da almajiransu, wasu magidanta su tafi cin rani, wasu su zauna saƙa ko gyaran danga, da yamma a hallara zauren malami a ɗauki karatu.

Ba wai babu noman rani ba ne a wancan zamani. Akwai 'yan lambu a fadamu masu ɗiban ruwa da jigo. Amma jigo ƙarfin mutum yake ci, don haka lambun ba ya wuce abin da hannu zai iya shayarwa.

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, Allah ya jiƙansa. Daga nan aka ja hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Daga shekarun 1980 kuma ƙananan injinan ban-ruwa suka bazu, har jigo ya zama abin ba da labari. Duk wanda ya ga farin 1973, kamar yadda na gani ina ƙaramin ma'aikaci, ba zai raina wannan ni'ima ba.

Sai dai ina ganin ba mu cika lissafa abin da aka biya ba. Manomin Kura a yau yana girbe shinkafar damina, sai ya shiga alkama ko tumatir ko albasa, kafin ya kwashe su kuma hadari ya fara haɗuwa. Shuka ba ta san Juma'a ba. In layin ruwa ya zo kanka da tsakar dare, da tsakar daren za ka fita, cikin sanyin hunturu. Tumatir kuwa in ya nuna ba ya jiran a gama biki.

Malaman makaranta na wannan yanki sun fi ni sanin yadda aji yake raguwa a lokacin tsinkar tumatir. Dattawa kuma su duba su gani, a garuruwan da ruwan Tiga ya ratsa, nawa ne har yanzu suke yin kalankuwa, kuma su wa suka rage a zauren karatu bayan La'asar.