Rigar Giwa ta Ƙasar Bamileke da Hannuwan da Suke Ɗinka Ta

A cikin duwatsun yammacin Kamaru, inda ƙasa take da sanyi da ni'ima, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa sai 'yan watanni kaɗan, akwai al'ummar da ake kira Bamileke, waɗanda tun kafin zuwan Turawa suke zaune a masarautu masu yawa, irin su Banjun da Bafusam da Baham da Bangante, kowace da sarkinta wanda suke kira Fo, da fadarta, da majalisun manyanta. Daga cikin waɗannan majalisu akwai wadda ake kira Kuosi, wadda asalinta ƙungiyar mayaƙa ce, amma da yaƙe-yaƙe suka kwanta sai ta zama taron masu sarauta da attajirai. Tufar da 'ya'yanta suke sawa ranar fita kuwa, wato rigar giwa, tana cikin mafi ban mamaki daga abin da allura ta taɓa fitarwa a ƙasashenmu na baƙar fata.

Siffarta ita ce, ana ɗinka wata hula mai rufe kai da fuska baki ɗaya, a huda idanu biyu a zagaye su da jan mulufi, a tayar da hanci da baki da cushe, sa'an nan a maƙala kunnuwa biyu masu faɗi, kewayayyu, waɗanda aka ƙarfafa don su tsaya ƙyam, su riƙa kaɗawa in mai rawa ya girgiza kai. Daga ƙasan hular sai a saki ƙyalle biyu dogaye, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, masu kaiwa gwiwa ko su wuce, na gaban shi ne a matsayin hancin giwa. Galibi ba a yi mata haure, fuskar ma ta fi kama da ta ɗan Adam, domin maɗinkin bai nufi ya ruɗi kowa ba. A nan ta sha bamban da burtun maharbanmu, wanda ake ɗaurawa a goshi don namun daji su zaci tsuntsu ne yake kiwo. Shi mai rigar giwa so yake duk wanda ke filin ya san cewa mutum ne a ciki, kuma mutum mai martaba. A aƙidarsu ta gargajiya sarki yana iya rikiɗa ya zama giwa ko damisa, kuma hauren giwa da fatar damisa haƙƙinsa ne a duk inda aka same su cikin ƙasarsa, saboda haka babu mai sa kamannin giwa sai da izninsa. Ba a fita da ita sai ranar babban al'amari, kamar bikin mutuwar sarki ko ta wani babba, inda za a ga masu rawa sun jeru, da fatun damisa a bayansu, da izgar doki a hannu, waɗansu da faffaɗar hula ta jajayen gashin wutsiyar aku.

Abin da ya ba rigar nauyi da tsada shi ne duwatsun ado da aka lulluɓe ta da su. Ƙananan duwatsu ne na ƙarau, shuɗi da fari da ja, waɗanda ake narkawa a birnin Benis na Italiya da ƙasar Bohemiya, su biyo jiragen ruwa zuwa gaɓar teku, daga nan su hau duwatsu a kan 'yan dako. Kuma a ƙarni na 19 waɗannan duwatsu, tare da wuri, dukiya ce da ake ƙulla ciniki da ita. Ke nan wanda ya ɗinke su a jikin tufa, kuɗinsa ne ya fitar daga kasuwa ya sa a jiki. Maɗinki yakan zura duwatsu kaɗan a zare, ya kwantar da su bisa tufar, ya soka allura ya ɗaure, ya sake zura waɗansu, haka layi bayan layi, kuma zanen da ya fi yawa shi ne mai kusurwa uku, wanda ake fassarawa da zanen jikin damisa. Wanda yake son ya gane matsayin da wannan sana'a ta kai a yankin, ya tuna da gadon sarautar maƙwabtansu Bamum, wanda aka rufe da duwatsu da wuri, wanda Sarki Njoya na Fumban ya aika wa Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu a 1908, yana birnin Balin har yau.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne shuɗiyar tufar da mai rawa yake ɗaurawa a ƙarƙashin rigar, wadda sau da yawa da ita ake yi wa hular shafi ta ciki, ana kiranta ndop, domin a cikinta ne hannun mutanenmu ya shiga wannan al'amari. Asalin irin wannan tufa daga Wukari ne, ƙasar Jukunawa a kwarin Binuwai, kuma fataken Hausa suna cikin waɗanda suka riƙa kai ta fadojin duwatsu, inda sarakuna suka karɓe ta suka mai da ita alamar mulki, har ana rataya ta a kewaye filin taro ranar makoki. A farkon ƙarni na 20 Sarki Njoya, mutum mai zurfin basira wanda ya ƙago wa jama'arsa haruffan rubutu, kuma daga baya ya karɓi Musulunci, ya kafa masaƙa da marina a Fumban don a riƙa yin ta a gida. Su kuwa Bamileke sai suka bi wata hanya mai tsawo. A arewacin Kamaru, wajen Garwa, inda auduga take, ake kaɗa zare a saƙa sawaye 'yan sirara, a haɗa su gefe da gefe su zama farin zane. A ɗauko shi zuwa kudu, wajen Banjun, inda mai zane zai zana alamomin sarauta a kansa. Mata kuma su zauna su bi kowane layi da zaren tukurwa, su ɗinke shi tamau yadda ruwa ba zai ratsa ba. Sa'an nan a sake ɗaukar zanen, yanzu ya ƙanƙance ya yi tauri, a mai da shi Garwa, inda akwai Hausawa cikin marinanta, a tsoma shi cikin baba har ya sha ya yi duhu. A komo da shi kudu, a sa reza a warware ɗinkin nan duka, sili ɗaya-ɗaya, sai farin zane ya bayyana a kan shuɗi. Lalle akwai abin lura a sana'ar da mafi wahalar aikinta shi ne ɗinkin da tun farko an san warware shi za a yi, kuma matar da ta fi kowa ƙwarewa ita ce wadda ba za a ga ko zare ɗaya nata a jikin zanen ba in an gama.

Malamanmu ba su karɓar hadisi sai sun bi isnadinsa, wane daga wane. Da za a bi wa rigar giwa ɗaya nata isnadin, da an sami mai narka ƙarau a Benis, da manomin auduga da masaƙi a kwarin Binuwai, da marini a bakin karofi, da mata masu zaren tukurwa, da mai ɗinkin dutse a fada, alhali kuwa mafi yawansu ba su san juna ba, harshensu daban, addininsu daban, marinin ma mai yiwuwa ne har ya bar duniya bai ga rawar da aka yi da abin da ya rina ba. Ina ganin wajibi ne mai karatun tarihin fatauci ya ba irin wannan shaida muhimmancin da yake ba takardun Turawa.

A zamanin nan rawar Kuosi tana nan, ana kuma ɗinka riguna sababbi, waɗansu don fada, waɗansu don masu yawon buɗe ido, tsofaffin kuwa da yawa suna rataye a gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka, ba tare da ndop ko fatar damisar da suke tafiya da su ba. Ita ndop ɗin ce take cikin haɗari, domin masana'antu suna buga zanenta a kan atamfa da araha, matasa kuma ba su da haƙurin zaman makonni a kan zane guda. A 2020 hukumar Kamaru ta sa ta cikin kayan gadon ƙasa, abin a yaba ne ƙwarai; sai dai doka ba ta koya wa yarinya riƙon allura, kuma muddin ladan mai ɗinkin tukurwa bai kai ya ciyar da ita ba, mai saye zai ci gaba da samun zanen a kanti, amma bugun inji.