Gidan Wanka a Kudancin Birnin Kaduna: Ginin Jama'a da Ba a Lissafa Shi

Kusa da birnin Khenchela, a duwatsun Aures na gabashin Aljeriya, akwai gidan wanka da Rumawa suka gina a kan maɓuɓɓugar ruwan zafi a zamanin sarakunan gidan Flabiyus, waɗanda suka yi mulki daga 69 zuwa 96 Miladiyya. Sunansa a yau Hammam Essalihine. Kwarmin wanka biyu ne a tsakiyarsa, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya zagayayye mai faɗin kimanin mita 8, an zagaye su da matakalar dutse da ginshiƙai. Ruwan yana fitowa da zafin da ya kai kusan digiri 70. Har gobe ana wanka a cikinsa. Abin da ya raya shi kusan shekara dubu biyu shi ne hukumomi daban-daban sun riƙa gyara shi.

Kaduna ba ta da irin wannan ruwa, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙasa. Birnin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Maɓuɓɓugan ɗumi na arewacin Nijeriya sun fi taruwa a kwarin Binuwai, inda ruwa ke nutsewa cikin dutsen yashi ya ɗumama sannan ya dawo sama: Wikki a Yankari, mai digiri 31 dare da rana, da Akiri a jihar Nasarawa, da Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa. Wikki kanta, duk da an buɗe Yankari ga masu ziyara tun 1962, tafki ce a fili, ba a yi mata rufi ba. Hujjata a nan ita ce kudancin birnin Kaduna yana da nasa gidan wankan jama'a mai tarihi, ko da ruwansa itace ne ke ɗumama shi, kuma masana gine-gine sun yi kuskure da suka tsallake shi.

Sai a fara da tambayar da ta fi wuya. Kano ta yi ƙarnuka tana ciniki da Tarabulus da Gadamas, Larabawa fatake sun zauna a unguwanninta, amma gidan wankan jama'a bai zama al'adar birnin ba. Ina ganin amsar tana cikin tsarin gidan Bahaushe. Daga zaure a wuce ƙofar gida, sannan cikin gida, makewayi kuma yana can lungu a bayan ɗakuna, galibi da rijiya a tsakar gida. Gida mai katanga ya riga ya warware matsalar tsarki da ta sutura, musamman ga matan aure. Baƙo kuwa yana da mai masauki, wanda ruwan wanka yana cikin abin da ake sa ran zai bayar. Muddin kowane baƙo yana da fatoma, ba a bukatar gidan wanka na kuɗi.

Jirgin ƙasa da masaƙa ne suka rushe wannan lissafi, kuma a kudancin Kogin Kaduna suka fi yin tasiri. Layin dogo ya iso Kaduna a 1911, babbar mahaɗarsa kuma tana gefen kudu. A 1917 hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, wasu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban ma'aikata suka sauka a Kakuri da Makera da Nasarawa, mafi yawansu samari da ba su da dangi a garin. Gidan da ya karɓe su shi ne gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki ɗaya ko biyu a ƙarshen layi. Leburan da zai shiga aikin safe, da direban da ya kwana a tasha, da ɗan dako, da almajirin da ke son wankan Juma'a, duk ba su da inda za su kewaya. A wannan giɓi gidan wanka da bahaya na kuɗi ya samu gurbi, a bakin tasha da kasuwa.

Fasalin gininsa ya cancanci a tsaya a duba shi. Ƙofa ɗaya ce, mai karɓar kuɗi yana zaune a bakinta da sabulu da soso na sayarwa. Daga nan sai siririn lungu, ƙananan ɗakuna a jere da ƙyauren langa-langa, kowanne daidai tsayuwar mutum ɗaya da bokitinsa. Sau da yawa ana barin sarari tsakanin bango da rufi domin tururi da wari su fita. Tankin ruwa yana sama, rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa ke cika shi, da hunturu kuma a ɗora durom a kan murhu a sayar da ruwan zafi da ɗan ƙarin kuɗi. A nan ne bambancinsa da Khenchela ya fito sarai. Barume ya gina kwarmin haɗaka domin jama'a su shiga tare su yi hira. Maginin Kakuri ya yanka wurin gida-gida saboda al'aura, kuma ya zaɓi ruwan da ake zubawa ya wuce a kan wanda ake kwanciya a ciki. Ke nan makewayin cikin gida ne aka ninka shi sau da yawa aka fito da shi bakin titi. Wannan tunanin gini ne cikakke, wanda ya san kunyar mutanen da zai yi wa hidima.

Rauninsa yana inda ido ba ya kaiwa. Ruwan wanka kan gangara kwata, kwata ta kai shi rafi, rafi ya kai Kogin Kaduna. Ramin masai kan zauna kusa da rijiya a unguwannin da fili ya yi ƙaranci, kuma ta haka kwalara ke samun hanya da damina. Ɓangaren mata, inda aka yi shi, yakan zama ƙarami, alhali su ma suna yini a kasuwa. Tun da KTL ta rufe a 2002 aljihun unguwannin ya yi rauni, gyara ya ƙara wuya.

Za a iya cewa wannan kasuwanci ne na mutum ɗaya, babu ruwan hukuma. Ban yarda ba. A Nuwamba 2019 gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar zartarwa mai lamba 009 domin kawo ƙarshen bahaya a fili kafin ƙarshen 2025, kuma a tasha da kasuwa waɗannan gidaje ne ke ɗauke da nauyin wannan buri. Ya kamata ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu da ta Chikun su ƙidaya su, su gindaya tazarar da za a bari tsakanin rami da rijiya, su wajabta ɓangaren mata mai ƙofarsa daban. Sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya tura ɗalibai su auna tsofaffin da suka rage a kewayen masaƙun Kakuri, su zana taswirarsu, su ɗauki bayanin masu su tun suna raye.