Mahaɗar Wayoyi: Tarihin Rigimar Haɗa Layukan Sadarwa daga Tangaraho zuwa Intanet

A farkon shekarun 1850, a garin Strasbourg da ke bakin iyakar Faransa da ƙasar Baden ta Jamusawa, akwai wani ofishin tangaraho mai ma'aikata iri biyu. Idan saƙo ya taso daga Faris, ma'aikacin Faransa shi ne zai karɓe shi daga waya, ya rubuta a takarda da hannunsa, ya miƙa wa takwaransa Bajamushe, shi kuma ya juya shi zuwa Jamusanci, sa'an nan ya sake buga shi ta wayar ƙasarsa. Watau saƙon da ya ci ɗaruruwan mil cikin ƙiftawar ido sai ya zo ya yi zaman jira bisa tebur. Ƙulla wayoyin nan biyu aikin yini guda ne ga masu sana'ar. Abin da ya gagara shi ne yarda tsakanin hukumomi, a kan wanda zai karɓi kuɗin saƙo da yadda za a raba shi.

Tun daga wannan zamani tambayoyi biyu ne ke tasowa duk inda layin wani ya iske layin wani. Ta farko, shin tilas ne mai layi ya buɗe wa maƙwabcinsa ƙofa? Ta biyu, idan an buɗe, wa zai biya wa? Tarihi ya nuna doka ta fi yin amfani a kan tambaya ta farko. A kan ta biyu kuwa, sau da yawa wanda ya riga ya kafa babakere shi ne doka takan tsare.

Ranar 17 ga Mayu 1865 wakilan ƙasashe 20 na Turai suka sa hannu a Faris kan yarjejeniyar da ta kafa Ƙungiyar Tangaraho ta Duniya, wadda yau ake kira ITU. Suka amince saƙo ya riƙa ƙetare iyaka ba tare da an sauke shi ba, suka daidaita kuɗin bugawa, suka kuma ɗauki kuɗin Faransa a matsayin ma'aunin lissafi tsakaninsu. Ba a gayyaci Ingila ba, domin a lokacin wayoyinta na hannun kamfanoni. Sai a 1871 ta shiga, bayan gwamnati ta karɓe su. Wannan ya nuna irin tunanin da aka gina ƙungiyar a kai: kowace ƙasa hukuma ɗaya, kowace hukuma sarauniya ce a gidanta, mahaɗa kuwa sha'ani ne na gwamnati da gwamnati.

A Amurka al'amarin ya bi wata hanya dabam, domin can kamfanoni ne ke da waya. Da wa'adin haƙƙin ƙirƙira na Bell ya ƙare a 1893 da 1894, sai dubban ƙananan kamfanonin tarho suka ɓullo a garuruwa da ƙauyuka. Babban kamfani AT&T ya ƙi haɗa su da dogayen layukansa masu ratsa jihohi. Ɗan kasuwa a gari mai kamfani biyu tilas ya ajiye tarho biyu a kantinsa, in yana son ya sami duk abokan cinikinsa. Ƙin haɗawa shi ne makamin babba: ƙaramin kamfani yana iya rage kuɗi yadda ya so, amma ba ya iya kai mutum New York. A Disamba 1913, da gwamnatin tarayya ta matsa da ƙarar babakere, mataimakin shugaban AT&T, Nathan Kingsbury, ya rubuta wa Babban Lauyan Gwamnati takarda, inda kamfanin ya yi alkawarin sakin hannun jarinsa na Western Union da barin ƙananan kamfanoni su hau dogayen layukansa. An buɗe ƙofa, ko da yake AT&T ya ci gaba da zama sarkin kasuwa har zuwa 1984 da aka rarraba shi.

Tsakanin ƙasashe kuwa, tarho ya gaji tsarin tangaraho. Kowace hukuma ta biya rabin layin da ya haɗa ta da ƙasar waje. A kan kowane minti na kira akwai farashin da hukumomin biyu suka yarda da shi, kuma wadda kira ya fi tasowa daga wajenta ita za ta biya ɗayar rabin farashin a kan rarar mintocin. Tun da mutanen ƙasashe masu arziki sun fi bugo waya, kuɗi sai ya riƙa gangarowa zuwa ƙasashe matalauta, har ya zama babbar hanyar samun kuɗin ƙetare ga ma'aikatun waya na Afirka da Asiya. Sai dai tsarin yana da aibinsa. Layukan da Turawan mulkin mallaka suka bari duk sun fuskanci Turai ne, ta yadda ko bayan samun 'yancin kai kira daga Ikko zuwa babban birnin wata ƙasa rainon Faransa yakan bi ta Landan da Faris kafin ya dawo Afirka ta Yamma. Shirin PANAFTEL na shekarun 1970 an ƙago shi ne don gyara wannan, amma bai kammala aikin ba. Kuma kuɗin da ke shigowa ya sa hukumomi da yawa ba su ga dalilin rage tsadar kira ba.

Amurka ce ta rushe wannan tsari. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanoninta suna biyan ƙasashen waje fiye da dala miliyan dubu 5 a shekara. A Agusta 1997 hukumar sadarwarta, FCC, ta yanke iyakar abin da kamfanin Amurka zai biya: santi 15 a minti ga ƙasashe masu arziki, 19 ga matsakaita, 23 ga matalauta. Hukumar ƙasa ɗaya ce ta yanke wa duniya farashi, kuma ya zauna, domin babu mai iya rabuwa da kiran Amurka.

A daidai wannan lokaci intanet tana girma bisa wata al'ada da ba ta san wancan lissafi ba. A 1991 kamfanoni uku na Amurka, PSINet da UUNET da CERFnet, suka kafa wata mahaɗa inda kowa ke miƙa wa ɗan'uwansa saƙonni ba tare da biyan ko kwabo ba. Daga nan hulɗa iri biyu ta kafu. Akwai musaya, watau ba ni gishiri in ba ka manda: kamfani ya isar da saƙon wani ga abokan cinikinsa, wancan ma ya yi masa haka. Akwai kuma fito, inda ƙaramin kamfani ke biyan babba don ya ƙetarar da shi zuwa sauran duniya. Wani bincike da cibiyar Packet Clearing House ta yi a 2011 a kan yarjejeniyoyin musaya fiye da 142,000 ya gano kashi 99.5 cikin ɗari ba a ma rubuta su ba, da baki aka ƙulla su. Ma'aikacin gwamnati da ya saba da fayil da hatimi zai yi mamakin yadda sha'ani mai girma haka ke tafiya babu takarda. Amma rashin doka ba ya hana ƙarfi aiki. A 1997 UUNET ya sanar zai daina musayar kyauta da ƙananan kamfanoni, a Oktoba 2005 kuma Level 3 ya yanke hulɗa da Cogent na 'yan kwanaki, abokan cinikin ɓangarorin biyu suka kasa isa ga juna. Kamar dai zamanin tarho biyu a kanti ɗaya.

Ga Afirka sabon tsarin ya zo da nauyi. Babu rabin layi a intanet. Kamfanin Afirka shi zai biya layin gaba ɗaya har Turai ko Amurka, ya kuma biya kuɗin fito a can, alhali saƙonni suna bin layin ta fuska biyu. Ƙasashe masu tasowa suka kai kuka ITU, aka zartar da shawara mai lamba D.50 a Montreal a shekarar 2000, wadda ta ce ya kamata a duba yiwuwar biyan diyya tsakanin ɓangarorin biyu. Amurka da Girka suka ƙi amincewa, kuma da yake shawara ce kawai, ba ta canza farashin kowa ba.

Maganin da ya yi aiki daga cikin gida ya fito, kuma labarin Kenya ya fi kowanne bayyana shi. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin gwamnati, Telkom Kenya, shi kaɗai ke da izinin fitar da saƙo ƙasar waje. Ƙananan kamfanonin intanet na Nairobi ba su haɗe da juna ba, saboda haka wasiƙar da ɗan kasuwa ya aika wa maƙwabcinsa na unguwa ɗaya, in kamfaninsu ya bambanta, sai ta hau tauraron ɗan'adam, ta sauka Turai ko Amurka, ta sake hawa, ta dawo Nairobi, ana biyan kuɗin ƙetare zuwa da dawowa. A Nuwamba 2000 ƙungiyar waɗannan kamfanoni, TESPOK, ta buɗe mahaɗa mai suna KIXP. Ba wani babban gini ba ne, ɗaki ne da na'urar rarraba saƙo, kowane kamfani ya jawo layinsa ya ƙulla. Lokacin da saƙo ke ɗauka ya sauko daga sakan 1 zuwa 2 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Layin da ake haya dala 3,375 a wata in na ƙetare ne, irinsa na cikin gari dala 200 ne.

Cikin mako biyu hukumar sadarwa ta Kenya ta rufe mahaɗar. Telkom ne ya kai ƙara, yana cewa ba ta da lasin, kuma ta shiga gonarsa. Hujjar kamfanin, in an dube ta da kyau, ita ce yana da haƙƙin cin kuɗin ƙetare a kan saƙon da bai da dalilin barin Nairobi. Masu mahaɗar suka ɗaukaka ƙara, suna nuna cewa babu saƙo ko ɗaya da ke fita ƙasar ta ɗakinsu. Aka shafe shekara guda ana ja-in-ja. Daga bisani suka kafa kamfani na musamman, hukuma ta ba shi lasin a Nuwamba 2001, mahaɗar ta koma aiki a Fabrairu 2002. Hukumar ba ta gina kome ba, ba ta kuma yanke farashi ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta janye daga bakin ƙofa. Wata goma sha huɗu na kuɗin tauraro da mutanen Kenya suka biya a banza, babu wanda ya mayar musu.

Nijeriya ta sha nata kashin a ɓangaren tarho. Bayan gwanjon lasin na wayar hannu a Janairu 2001, inda kowane ya ci dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a Agusta, kuma waɗanda suka ga shekarun farko ba su manta wahalar kira daga wannan layi zuwa wancan ba, ko zuwa na NITEL, har mutane suka koma yawo da waya biyu ko uku. Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kowane mai lasin ya haɗa layinsa da na wanda ya nema, ta hana yankewa sai da izinin hukumar NCC, hukumar kuma ta fara ƙayyade kuɗin saukar da kira. Amma bashin haɗin layi bai gushe ba. A Janairu 2024 NCC ta ba MTN izinin toshe kiran da ke zuwa daga Glo saboda bashi, sai dai an sasanta kafin a aiwatar. A ɓangaren intanet, an kafa mahaɗar IXPN a Ikko a 2006 da goyon bayan NCC, daga baya ta yi rassa a Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Rahoton ƙungiyar Internet Society na 2020 ya nuna saƙonnin da ake musaya cikin gida a Nijeriya da Kenya sun tashi daga kimanin kashi 30 cikin ɗari a 2012 zuwa kimanin 70, kuma Nijeriya na tsimin kusan dala miliyan 40 a shekara. Babban dalili shi ne manyan kamfanoni irin su Google sun kawo rumbunan ajiyarsu suka girke kusa da mahaɗar.

Duk da haka sha'awar tsohon lissafin tarho ba ta mutu ba. A taron ITU na Dubai a Disamba 2012, ƙungiyar kamfanonin waya na Turai ta tura shawarar cewa wanda saƙo ya taso daga wajensa shi zai biya. Shawarar ba ta shiga yarjejeniya ba, taron kuma ya watse a rabe: ƙasashe 89 suka sa hannu, 55 suka ƙi. Ƙasar da ta gwada abin a aikace ita ce Koriya ta Kudu, wadda a 2016 ta wajabta wa manyan kamfanoninta uku su riƙa biyan juna gwargwadon yawan abin da kowa ya tura. Nan da nan ajiye rumbun wani kamfanin waje ya zama asara ga mai masaukinsa, domin duk abin da ya fita daga rumbun ana lissafa masa. Facebook ya karkatar da wasu saƙonninsa ta Hong Kong, hukuma ta ci shi tara a 2018, kotu ta soke tarar a 2019. SK Broadband da Netflix suka yi shari'a ta shekara uku kafin su sasanta a Satumba 2023. A Fabrairu 2024 kamfanin Twitch ya rufe harkarsa a ƙasar baki ɗaya, yana cewa kuɗin layi a Koriya ya ninka na yawancin ƙasashe sau goma.