Ma'aunin sheƙi: Yadda masana'antu ke mayar da ƙyallin kaya lamba

Sheƙi shi ne yadda fuskar abu ke mayar da haske ta ɓangare guda, kamar yadda madubi ke yi. Idan fuskar tana da santsi, hasken da ya sauka a kanta yakan tashi a kusurwa daidai da wadda ya sauka. Idan tana da kaushi, ko da ido bai iya ganinsa, hasken yakan watse, abin ya dusashe.

Masana'antun fenti, motoci, robobi da takarda ba sa barin wannan hukunci ga ido, domin abin da mutum ke gani yana sauyawa da hasken ɗaki da inda ya tsaya. Ƙofar mota da bambarta kan fito daga masana'antu daban, amma dole ƙyallinsu ya zo ɗaya. Lamba ce kawai ke raba gardama tsakanin mai ƙerawa da mai saye.

Asalin ma'aunin

A 1937, Richard S. Hunter na hukumar ma'auni ta Amurka ya wallafa nazarin da ya rarrabe sheƙi gida 6. A 1939 ƙungiyar ASTM ta fitar da ƙa'idar D523, wadda ake amfani da ita har yau bayan gyare-gyare. Takwararta ta duniya ita ce ISO 2813, mai kula da fenti da banish.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu. Tana harba haske kan kaya a wata kusurwa, wani ido na lantarki da ke ɗaya gefen ya auna abin da ya dawo. Ana kwatanta sakamakon da baƙin gilashi gogagge mai ƙarfin lanƙwasa haske 1.567, wanda aka ba maki 100. Ana rubuta makin da haruffan GU. Ba kaso cikin ɗari ba ne: gogaggen ƙarfe yakan haura 100 nesa ba kusa ba, har ya kusanci 2,000.

Kusurwoyi uku aka fi amfani da su, ana ƙirga su daga layin da ya tsaya cak a kan fuskar kayan. Ana farawa da digiri 60. Idan maki ya wuce 70, sai a koma digiri 20, wanda ya fi bambance masu tsananin ƙyalli irin su fentin mota. Idan ya gaza 10, sai digiri 85, na kayan da ba a son su yi ƙyalli, kamar gaban direba a mota, inda walƙiya kan kashe ido. Masu takarda suna da tasu kusurwa, digiri 75. Saboda haka makin da ba a faɗi kusurwarsa ba ba shi da amfani.

Inda ma'aunin ke gazawa

Ƙura ko shatin yatsa a kan gilashin gwaji kan ɓata duk awon da ya biyo baya, shi ya sa ake goge shi, a daidaita na'urar kafin aiki. Lanƙwasasshen wuri ma yana rikita ta. Haka nan abubuwa biyu kan sami maki ɗaya, ɗaya ya fito tas, ɗayan da hazo ko ƙuraje irin na ɓawon lemo. Waɗannan sai da awo na daban.

Me ya shafi jama'a?

Dusashewar sheƙi tana cikin alamun farko na lalacewar fenti, domin hasken rana yana cin sinadarin da ke riƙe shi tun kafin ya fara ɓarewa. A ƙasa mai zafin rana da ƙurar hunturu, auna fenti ranar da aka shafa shi da kuma bayan shekara yana nuna ingancin abin da aka saya.

Najeriya tana cikin ISO ta hannun hukumar SON, don haka ƙa'idar a buɗe take ga duk ma'aikatar da ke bayar da kwangila. Takardar da ta ce "fenti mai inganci" kawai ba ta ɗaure ɗan kwangila da komai ba. Wadda ta ambaci ƙa'ida, kusurwa da mafi ƙarancin maki ta bai wa mai binciken kuɗi da ɗan jarida abin da za su je su auna da kansu.