Tsofaffinmu na Jos: Daga Ramin Kuza Zuwa Layin Asibiti

Yau ina so mu ɗan waiwayi baya, mu ga yadda aka yi tsufa ya zama abin fargaba ga mutanenmu na Jos. Duk wanda ya leƙa asibitocin garin nan da sassafe zai tarar da dattawa jingim a kan benci, da kati a hannu, ana jiran likita. A nawa ganin, tushen wannan layi yana can cikin tarihin zuwanmu garin.

Kamar yadda mai karatu ya sani, kuza ce ta tara jama'a a Jos. Turawa sun fara haƙarta a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, wani layin kuma ya zo ta Kafanchan a 1927. Kakanninmu suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi, wasu leburanci, wasu fatauci, wasu fawa, wasu almajiranci. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har da ƙarfi aka riƙa kwaso mutane zuwa ramukan kuza, abin da dattawa ke kira diban gwamna. Sanyi da cuta sun hallaka da dama daga cikinsu.

To, abin lura a nan shi ne, leburan kuza ba ɗan fansho ba ne. A biya shi ladan aikinsa, ran da ƙarfi ya ƙare a sallame shi. Haka ɗan kasuwa, haka tela, haka direba. Fanshon kakana, Allah ya jiƙansa, shi ne 'ya'yansa da maƙwabtansa da 'yar rumfarsa ta kasuwa. Idan ciwo ya gagari wanzami da mai magani, sai a nufi asibitin gwamnati na tsakiyar gari, ko na mishan: na Vom da aka kafa a 1922, ko OLA na hanyar Zariya, ko Jankwano da aka buɗe a 1959. Ba a tambayar addininka a bakin ƙofa, kuma ba wanda ke jin tsoron ratsa wata unguwa.

Sai abubuwa suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, kamfanonin da suka rage suka durƙushe. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, Naira ta karye, magani a asibitin gwamnati ya koma sai ka saya. Sannan ga rikicin Satumban 2001, ga gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, wadda ta cinye jarin dubban 'yan kasuwa, ga rikicin 2008 da na 2010. Gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa. Mutanenmu suka cunkushe a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo da Rikkos, samari da yawa kuma suka yi ƙaura zuwa Kano da Bauchi da Abuja, suka bar iyaye a gida. Daga baya asibitin koyarwa na JUTH ya kwashe yawancin ayyukansa zuwa Lamingo. Wuri ya yalwata, gaskiya ne, amma ga tsohuwar da ƙafa ba ta ɗaukarta, tafiya ta ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru.

Ciwon tsufa kuwa ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Hawan jini, ciwon suga, ciwon gaɓɓai, shanyewar ɓarin jiki, duk abokan zama ne har ƙarshen rai. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, likitoci kuma suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Na sha ganin dattijo yana raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai shi ƙarshen wata.

Ba wai babu dokoki ba ne. Akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, akwai dokar kafa cibiyar kula da dattawa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, Jihar Filato ta kafa hukumar inshorar lafiya ta PLASCHEMA a 2019, dokar inshora ta ƙasa ta 2022 kuma ta tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi, ciki har da tsofaffi. Amma doka ba ta bin mutum har zaure. Sai an tashi an yi rajista, an bibiya, an matsa.

Don haka shawarata ga masallatanmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da 'yan'uwa mazauna nesa ita ce, kowace unguwa ta rubuta sunayen tsofaffinta marasa mai kula, a nemi fatawar malamai kan biya musu inshora daga zakka da wakafi, a kuma roƙi 'ya'yanmu ma'aikatan jinya su riƙa awon jini da suga a ƙofar masallaci ko da sau ɗaya a wata. Iyayen nan da guminsu aka gina garin nan, kuma mu ma can muka dosa in da nisan kwana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.