Labarin Jirgin Fito a Kogin Wudil

Duk wanda ya taso daga birnin Kano ya nufi gabas, ko Birnin Kudu za shi, ko Fataskum, ko Maiduguri, ba makawa sai ya ƙetare kogin Wudil. A yau mota takan hau gada ta sauka tun fasinja bai gama ɓare goronsa ba, ba safai ma yakan leƙa ƙasa ba. In da zai leƙa, da ya ga kwale-kwalen masunta da na masu ɗiban yashi da na 'yan fito suna ta kai da kawowa. To, labarin waɗannan jirage ya girmi gadar, ya girmi garin kansa, shi ne kuwa nake so in ɗan warware wa mai karatu.

Kogin nan ruwa biyu ne suka haɗu. Kogin Kano ya gangaro daga kudu, na Calawa ya zo daga yamma, suka gamu kafin su iso Wudil, garin da a zamanin En'e yake mazaunin Makaman Kano. Daga nan ruwan ya miƙe zuwa Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, ya gamu da na Jama'are, ya zama kogin Yobe, har ya faɗa tafkin Cadi.

A cikin wannan kwari ne aka tono jirgin da ya fi kowane jirgi da aka taɓa samu a Afirka tsufa. Cikin shekarar 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani baƙin icce. Da masana suka zo suka tona, sai ga kwale-kwale sassaƙaƙƙe, tsawonsa ya ɗara mita 8, bakinsa a fiƙe. Suka auna shekarunsa, suka tarar ya kai kimanin 8,000. Ka ji, ashe mutanen ƙasar nan sun san sassaƙar jirgi tun Fir'aunonin Masar ba su fara gina dalarsu ba.

Tsofaffinmu sun ba mu labari, a da kogin Wudil ba ya kwana da ruwa shekara duka. Da rani rairayi ne fari fat, fatake da jakunansu su ratsa da ƙafa, mata su tona rami su ɗebi ruwa. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ba mai kusantarsa sai 'yan fito. Mai ƙaramin ƙarfi akan ɗaura kayansa a bisa babban gora, shi ya riƙe, gwanin ninƙaya ya tura shi har gaci. Mai hali ya shiga kwale-kwale, a tuƙa shi da gwangwala inda ba zurfi, inda ƙafar sanda ta kasa a koma ga filafili. A kan dukkan wannan akwai Sarkin Ruwa. Shi ya san inda ruwa ke juyi da inda yashi ya taru bana, shi ke cewa yau a yi fito, yau a haƙura. In ya ce jirgi ya cika, ko ɗan sarki ne sai ya jira sawu na biyu. Gaskiya ne akwai camfi da yawa cikin al'amarinsu, wanda malamai suka daɗe suna tsawatarwa, amma ƙidayar mutane da duban sararin sama ba camfi ba ne.

Turawa suna da wata al'ada, mutum ya ajiye ƙaramin jirgi mai inji a ƙofar gidansa bisa amalanke, ranar hutu ya ɗaura a bayan mota ya ja zuwa tafki. Wani zai ce wannan sabon abu ne, amma irinsa ya taɓa zuwa ƙasarmu, raƙuma ne suka yi aikin amalanken. A 1850 ayarin Turawa uku ya taso daga Tarabulus: Richardson, da Barth wanda aka fi sani da Abdulkarim, da Overweg. Suka zo da jirgin katako da aka raba gida 4, suka ratsa Sahara da shi. A 1851, zamanin Shehu Umar na Barno, Overweg ya harhaɗa shi, ya sa masa suna Lord Palmerston, ya shiga tafkin Cadi ya zagaya tsibiran Buduma. Bai daɗe ba bayan haka ya rasu a bakin tafkin, cikin 1852. Jirgin nasa na iska ne da filafili, lokacin ba a ƙago injin jirgi irin namu ba.

Injin da ake maƙalawa a gindin jirgi, wani mutumin Amurka mai suna Ole Evinrude ne ya fara samun kasuwarsa daga 1909. Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fitar da nasa na farko a 1960, irinsa ne kuwa ya cika kogunan Nijeriya daga baya. Amma a ƙasar Kano inji bai sami wurin aiki sosai ba sai da aka tare koguna. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992, ga kuma ta Watari a Bagwai. Abu biyu suka biyo baya. Na farko, tafkuna masu faɗi suka bayyana inda da gonaki ne da hanyoyin ƙafa, ƙauyuka suka wayi gari ruwa ya raba su da kasuwarsu. Na biyu, kogin Wudil ya daina ƙafewa, don ana sako masa ruwa rani da damina. Can ƙasa wajen Haɗeja ciyawar kacalla ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta suka koyi ɗora kwale-kwale a bayan mota su kai shi duk tafkin da kifi ya yi araha. Mutanen da kakanninsu ba su taɓa riƙe filafili ba suka sayi inji suka zama 'yan fito.

Ni akawu ne, biro na sani ba sifana ba, amma aiki ya sha kai ni ƙauyukan hayi, na kuwa ga abin da na gani. Wata rana muna tsakiyar ruwa inji ya yi tari ya mutu, hayaƙi na tashi. Mai jirgin ya ja igiya har ya gaji, ruwa yana ta gangarawa da mu, muka duba ba filafili ko ɗaya a ciki. Da takalma da murfin kwano muka tuƙa har muka kama wata ciyawa. Makanikin da ya buɗe injin washegari ya nuna mini abin da ya jawo mana wannan wahala, wata 'yar roba mai fukafukai wadda ba ta kai tafin hannu ba. Ita ke zuƙo ruwan kogi ta sanyaya injin. Ruwanmu kuwa yashi gare shi, yashin ya cinye fukafukan sarai.

Daga ranar na riƙe abin da ya gaya mini. Da an tayar da inji, a dubi bayansa: akwai wani siririn ruwa da yake tsartowa, in babu shi a kashe nan take, kada a ce bari mu ƙarasa. Kada a tayar da shi a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci kaɗan, robar nan za ta ƙone. In an zo wuri marar zurfi a ɗaga gindinsa, a koma ga gwangwala irin ta kakanni, don farfela ba ta shiri da yashi, ba ta shiri da ragar masunta da kacalla. Galibin ƙananan injunan nan ana gauraya musu baƙin mai da fetur. Da yawansu kashi 1 ne cikin 50, watau rabin lita ga tanki mai lita 25, amma kowa ya bi abin da takardar injinsa ta ce. Mai rowar baƙin mai, inji zai saya. Fetur ɗin bakin titi a tace shi da ƙyalle, a ajiye fulogi na biyu da igiya da sifana cikin leda. Shi kuma katakon jirgin, a riƙa jawo shi tudu ana duba gaɓoɓinsa, a toshe da tsumma da kwalta, kada a bar shi cikin rana ya tsage.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi wuya shi ne lodi. Mai filafili in ya cika jirgi, damtsensa ne zai fara gaya masa. Inji ba ya gaya wa kowa, zai tura jirgin da bakinsa ke shan ruwa kamar yadda zai tura wofi, kowane ƙarin fasinja kuma kuɗin fetur ne. Ran 30 ga Nuwamba 1921 ba a san tafki a Bagwai ba. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya taso daga Badau zai ƙetare tafkin Watari zuwa Bagwai, cike da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife da su. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara. Allah ya ji ƙansu. Cikin watan Mayu na shekarar nan ɗin an yi wanda ya fi shi muni a kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi, a watan Yuni na 2023 kuma fiye da mutum 100 suka halaka a ƙasar Pategi suna dawowa daga biki. Kusan duk inda aka bincika, magana ɗaya ce: jirgi ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ko ya yi tafiyar duhu.

Gwamnati ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda ake kira NIWA, a 1997, babban ofishinta yana Lakwaja. Ta hana tafiyar dare, ta wajabta wa kowane fasinja rigar ceto. Doka ce mai kyau, sai dai Lakwaja da nisa, ma'aikaci kuwa ba zai tsaya a kowane mashigi ba. A ganina aikin nan na masu unguwa ne da Sarakunan Ruwa, in za a mayar musu da ikon da suke da shi a da na cewa ya isa.

Na san wani dattijo ɗan fito wanda ya ja layi da farin fenti a jikin jirginsa, kamar taƙi guda ƙasa da baki. In ruwa ya taɓa layin, sai ya kashe inji ya zauna ya fito da goro, ba ya faɗa da kowa, ba ya kuma tashi sai wani ya sauka. Ranar Juma'a, da kasuwar Wudil ke ci, na taɓa ganin an yi kusan rabin sa'a ana roƙonsa saboda buhun gero 2 da akuya.