Fentin Mai a Kan Buhun Fulawa

A ƙarshen shekarun 1980, da kaset ɗin bidiyo ya yaɗu a Gana, gidajen kallo suka cika unguwannin Accra (Ankara, a bakin Hausawan zango), har Nima da Mamobi. Jarin mai gidan kallo talabijin ne da na'urar bidiyo da janareta. Saura abin da zai tsayar da mai wucewa ya biya kuɗin shiga, sai aka nufi masu zanen allunan shaguna.

Kyallen zane na Turai ya fi ƙarfin aljihunsu, don haka suka koma ga buhun fulawa na auduga. Akan farke shi, sau da yawa a ɗinke biyu wuri guda, sannan a zana da fentin mai. Shi wannan fenti a hankali yake ƙamewa idan ya sha iska, amma in ya kama, ruwan sama ba ya wanke shi. Zanen da za a naɗe, a kai wani gari, a sake ratayewa a rana, dole ya jure haka.

Masu zane irin su Joe Mensah da Heavy J sun yi suna. Wani lokaci bangon kaset kawai mai zane ya gani, sai ya ƙara jini da macizai da damatsa, gishirin da ya fi fim ɗin armashi.

Wajen 2000, talabijin ya shiga gidaje, fastar inji ta yi araha, kasuwar ta mutu. A shekarar ne Ernie Wolfe ya fitar da littafinsa Extreme Canvas, buhunan suka kama hanyar gidajen baje kolin zane na Amurka da Turai.